Manute Bol: makiyayin Turalei da ya yi suna a Amurka, ya ƙarar da dukiyarsa a kan Sudan

Cikin duk waɗanda suka daɗe suna wasa a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, mutum ɗaya ne ya yi ritaya alhali ƙwallayen da ya tare sun fi makin da ya ci yawa. Wannan shi ne Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka daga kudancin Sudan. A wasanni 624 ya tare ƙwallo sau 2,086, ya ci maki 1,599. Tsawonsa mita 2 da santimita 31, nauyinsa kuwa wajen kilo 90 ne lokacin da ya shiga gasar, siriri kamar gora. Wannan tsawo shi ne jarinsa, kuma kusan duk abin da ya samu da shi gida ya mayar.

Takardunsa sun ce an haife shi ranar 16 ga Oktoba 1962 a yankin Turalei. Amma a ƙauyensu ba a rubuta ranar haihuwa, kuma bayan rasuwarsa wani koci Ba'amurke, Kevin Mackey, ya ce shi ne ya ƙirƙiro wannan rana don a cike takardu, yana ganin ma Bol ya girmi abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Wannan ba zai ba da mamaki ba a Nijar da Cadi da Kamaru, inda har gobe akwai dattawan da takardunsu suka ce an haife su ne wajejen shekara kaza.

Bai yi makaranta ba yana yaro. Kiwo ya yi. Saniya a wajen Dinka kamar yadda take ce a wajen Bafulatani: ita ce dukiya, ita ce sadaki, ita ce mutunci. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda ya kashe zaki da mashi lokacin da yake kiwon shanun gidansu, labarin da 'yan jaridar Amurka suka yi ta maimaitawa har ya gundure shi. Sai da ya zama saurayi ya fara taɓa ƙwallon kwando, kuma a farkon yunƙurinsa na zira ƙwallo daga sama haƙoransa suka maƙale a raga suka karye. Daga garin Wau ya wuce Khartum, inda ya yi wasa na wasu shekaru yana shan wariyar da 'yan kudu suke sha a babban birnin.

A Khartum ne wani koci mai suna Don Feeley ya gan shi a 1982, ya buɗe masa hanyar Amurka. Farkon zuwan bai yi daɗi ba. Ƙungiyar San Diego Clippers ta zaɓe shi a 1983, amma hukumar gasar ta soke zaɓen. Jami'ar Cleveland State ta so ya yi mata wasa, sai dai bai iya Turanci ba, karatu da rubutu ma a lokacin yake koyo. Daga bisani ƙaramar jami'ar Bridgeport ta karɓe shi, ya yi kaka ɗaya, zauren wasan da a da ba ya cika ya koma cika maƙil. A 1985 Washington Bullets ta ɗauke shi.

A kakarsa ta farko ya tare ƙwallo sau 397. Har yau babu sabon ɗan wasan da ya kai wannan adadi. Ga wanda bai saba da wasan ba, tarewa ita ce a doke ƙwallo a iska bayan abokin hamayya ya jefa ta, kafin ta isa kwando. Bol ba ya buƙatar tsalle mai yawa: hannuwansa in ya miƙe su sun wuce mita 2 da rabi daga yatsa zuwa yatsa, don haka sai ya tsaya a gindin kwando ya jira. Abin da alƙaluma ba sa ƙirgawa shi ne ƙwallayen da ba a jefa ba sam, saboda mai jifan ya ɗaga kai ya gan shi ya fasa.

Cin maki kam bai iya ba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙarfin jikin da zai ture manya a ƙarƙashin kwando bai da shi. Shi ya sa da yawa suka ɗauke shi abin kallo kawai, musamman a kakar 1987 zuwa 1988 da Washington ta haɗa shi da Muggsy Bogues, mai tsawon mita 1 da santimita 60, aka riƙa ɗaukarsu hoto tare, mafi tsawo da mafi gajarta a gasar. Bol ya san abin da ake yi da shi, kuma bakinsa ba ya mutuwa: in an zolaye shi sai ya rama har a bar shi.

Koci Don Nelson na Golden State Warriors, inda ya koma a 1988, shi ne ya ba shi izinin jifa daga nesa, irin mai maki uku. Yakan ɗauko ƙwallon daga bayan ƙeya kamar mai harba majajjawa, 'yan kallo suna dariya. A wannan kaka ya zira irin wannan sau 20, ya kuma sake zama na ɗaya a tarewa. A watan Maris 1993, yana Philadelphia 76ers, ya zira guda shida a rabin wasa ɗaya a gidan Phoenix Suns, tsohon abokin wasansa kuma abokin barkwancinsa Charles Barkley yana ɓangaren hamayya. Ciwon gwiwa ya kawo ƙarshen wasansa a NBA a kakar 1994 zuwa 1995.

Duk tsawon shekarun nan goma ƙasarsa tana ci da wuta. Yaƙin basasar Sudan na biyu ya ɓarke a 1983, shekarar da ya tafi, bai ƙare ba sai 2005, kuma an ƙiyasta mutum miliyan biyu suka mutu ta dalilin yaƙi da yunwa da cuta. Bol ya ce danginsa wajen 250 suna ciki. Lokacin hutun gasa yakan tafi sansanonin 'yan gudun hijira, in ya dawo kuma ya yi ta zarya ofisoshin 'yan majalisa a Washington yana roƙon a waiwayi kudancin Sudan. Kuɗinsa ma ba ga agaji kaɗai ya tafi ba. An ƙiyasta ya ba ƙungiyar 'yan tawaye ta SPLA, wadda John Garang yake jagoranta, dala miliyan 3 da rabi. Masu yabonsa sukan tsallake wannan, alhali SPLA ba ƙungiyar jin ƙai ba ce, mayaƙa ne da su ma aka zarga da cin zalin farar hula. Bol ya zaɓi ɓangare a yaƙi, ya biya da aljihunsa. Sauran kuɗin kuma dangi masu yawa da kasuwancin da bai yi albarka ba suka cinye.

Bayan yarjejeniyar da gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙulla da wasu ɓangarorin 'yan tawaye a 1997, Bol ya koma Khartum bisa alkawarin muƙamin ministan wasanni. A cewarsa an gindaya masa sharaɗin sauya addini, shi kuwa Kirista ne, ya ƙi. Muƙamin bai samu ba, aka kuma hana shi fita. 'Yan tawaye suna masa kallon wanda ya sayar da su, gwamnati tana zarginsa da leƙen asiri. Sai a 2001 ya samu ya fice zuwa Alƙahira, a 2002 Amurka ta karɓe shi a matsayin ɗan gudun hijira, ba shi da ko sisi.

Daga nan ya koma sayar da abin da ya rage masa, wato mamakin da mutane suke yi in sun gan shi. Ya yi damben talabijin da tsohon ɗan ƙwallon Amurka William Perry, da sharaɗin a nuna lambar wayar gidauniyarsa ta taimakon 'yan gudun hijira. Ya sa kayan wasan ƙanƙara na kwana ɗaya alhali bai iya tafiya a kan ƙanƙara ba. Wasu suka ce ya zubar da girmansa. A 2004 motar haya da ta ɗauko shi ta yi haɗari a jihar Connecticut, direban ya mutu, shi kuma ya karye a wuya.

A shekarunsa na ƙarshe ya ɗauki wata hanya dabam. Ya fito fili ya yi magana a kan kashe-kashen Darfur, yankin Musulmi da dubban ɗaruruwan mutanensa suka tsallaka gabashin Cadi, duk da cewa akwai 'yan Darfur cikin sojojin da aka tura yaƙi a kudu. Tare da ƙungiyar Sudan Sunrise ya ƙuduri gina makarantu 41 da za su karɓi yara ba tare da duba addini ko ƙabila ba, aka fara da Turalei.

A farkon 2010 yana Sudan, ciwon ƙoda yana cinsa, amma ya jinkirta komawa asibiti saboda zaɓen watan Afrilu. Ga ƙoda, ga wata muguwar cutar fata da magani ya tayar masa. Ya rasu ranar 19 ga Yuni 2010 a asibitin jami'ar Virginia. An yi masa addu'a a babban cocin Washington, sannan aka kai gawarsa Turalei aka binne. Bayan wata bakwai 'yan kudu suka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa, ranar 9 ga Yuli 2011 aka ɗaga tutar Sudan ta Kudu.

Ɗansa Bol Bol, wanda aka haifa a Khartum a 1999, ya shiga NBA. Luol Deng kuma, wanda Manute ya koya wa yayansa wasan lokacin da suke gudun hijira a Masar, shi ne shugaban hukumar ƙwallon kwandon Sudan ta Kudu da ya kai ƙasar gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, inda ta doke Puerto Rico da maki 90 da 79 a wasanta na farko.