Waliyyi Charles Lwanga, Shugaban Yaran Fada

Ranar 3 ga watan Yuni, sa'ad da damina ta sauka, jama'armu ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna ta fama da shuka, Ikilisiya takan tuna da Shahidan Uganda su 22. A bisa kan sunayensu akwai na Charles Lwanga.

An haife shi wajen shekara ta 1860 a ƙasar Buganda. Ƙaƙƙarfan saurayi ne, gwanin kokawa, ya shiga bautar fada ƙarƙashin wani Kirista, Joseph Mukasa, mai lura da yaran sarki. Fadocin mishan na Katolika sun fara isa ƙasar a 1879. Bangaskiya tana jaririya ke nan lokacin da Mwanga ya hau gadon ubansa Mutesa a 1884.

Ba ma cewa tsoron Mwanga ba shi da dalili, gama Turawa suna ta rarraba Afirka a lokacin. Amma akwai wani abu dabam. Sarki ya saba neman yaran fada da aikin alfasha, masu koyon addini kuwa suka fara ƙi. Da aka kashe Bishop Hannington na Angalika bisa umarninsa, Mukasa ya tsauta masa. Aka fille kan Mukasa ranar 15 ga Nuwamba, 1885. A daren nan Lwanga ya tafi mishan ya karɓi baftisma, ya kuwa san sarai abin da ya sami magabacinsa. Shi ne ya gaji aikin lura da yaran.

A nan ne ya kamata mu dakata. Daga baftismarsa zuwa mutuwarsa wata bakwai bai cika ba. Bai shiga makarantar horon firistoci ba, ba a ɗora masa hannu ba. Duk da haka shi ya riƙa koya wa yaran addu'a, yana aikensu nesa in ya ga sarki na nemansu. Mu da muka san ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa sai jifa-jifa, mun san irin wannan mutum: shi ne katikis mai tara jama'a ranar Lahadi ko da Fada ko babu.

Ranar 25 ga Mayu, 1886, fushin sarki ya ɓarke a fadarsa ta Munyonyo, aka rufe ƙofofi. Da Lwanga ya ga babu hanyar zuwa wurin Fada, sai ya ɗebi ruwa cikin dare ya yi wa waɗansu masu koyo baftisma da hannunsa. Cikinsu akwai Kizito, yaro ɗan shekara 14 ko kusa da haka. Da gari ya waye sarki ya tara yaran, ya umarci masu addu'a su ware gefe. Lwanga ya fara fita, Kizito na riƙe da hannunsa. Fada Lourdel yana tsaye a waje, ya ga an wuce da su a ɗaure, bai iya yin kome ba.

Aka kora su da ƙafa zuwa Namugongo, aka kashe waɗansu a hanya. Suka yi kamar mako guda a mari, ana tara itace. Ranar 3 ga Yuni, wadda ta dace da Idin Hawan Ubangiji zuwa sama, aka ware Lwanga shi kaɗai, aka hura masa wuta a hankali daga ƙafafu. Sauran aka nannaɗe su cikin asabari aka ƙone su tare, 'yan Katolika da 'yan Angalika a wuta guda.

Paparoma Benedict na 15 ya sa su cikin masu albarka a 1920. Paparoma Paul na 6 ya ɗaukaka su zuwa waliyyai ranar 18 ga Oktoba, 1964, ya kuma ziyarci Namugongo da kansa a 1969. Ƙungiyar nan ta Jaruman Waliyyi Mulumba, wadda aka kafa a Nijeriya a 1953, sunan ɗaya daga cikinsu ta ɗauka, wato Matthias Mulumba, dattijon da aka yi wa gunduwa-gunduwa a Kampala kwanaki kaɗan kafin wutar Namugongo.