Janar Edouard de Castelnau (1851–1944): Sojan Faransa, Uban 'Ya'ya Goma Sha Biyu

A wannan fitowa za mu duba rayuwar wani mutum wanda ba firist ba ne, ba kuma ɗan zuhudu ba. Soja ne, magidanci, wanda ya yi shekara 92 a duniya, ya ga manyan yaƙe-yaƙe uku a ƙasarsa, ya kuma rasa 'ya'yansa maza uku a filin daga. Sunansa Edouard de Castelnau, mutumin Faransa.

An haife shi ranar 24 ga Disamba, 1851, wato daren jajibirin Kirsimeti, a wani ƙaramin gari da ake kira Saint-Affrique a kudancin Faransa. Cikin sunayen da aka raɗa masa akwai Noel, wanda ma'anarsa Kirsimeti a harshen Faransanci. Gidansu tsohon gidan sarauta ne, amma ba mai yawan dukiya ba. Mahaifinsa lauya ne. Yaron ya yi karatu a makarantar firistocin ƙungiyar Jesuit da ke garinsu, kuma tarbiyyar da ya samu a can ta bi shi har tsufa.

A shekarar 1869 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Saint-Cyr. Bai kai ga ƙare karatu ba sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870. Aka kwashi ɗaliban aka ba su muƙami, aka tura su bakin daga. Castelnau ya yi yaƙi a rundunar da aka tara a yankin kogin Loire cikin tsananin sanyi, yana saurayi ɗan shekara 19. Faransa ta sha kashi, Jamus ta karɓe yankin Alsace da wani sashe na Lorraine. Wannan shi ne darasinsa na farko game da yaƙi.

A 1878 ya yi aure. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya goma sha biyu. Aikin soja aiki ne na yawan ƙaura daga bariki zuwa bariki, kuma albashin hafsa ba ya isar babban gida irin wannan cikin sauƙi. Duk da haka an san shi da riƙon iyali da kuma zuwa Misa a fili, ba tare da jin kunyar kowa ba.

A wancan zamani wannan hali yana da tsada. Gwamnatin Faransa ta ɗaura ɗamarar rage ƙarfin Ikkilisiya. Aka rufe makarantun 'yan zuhudu da dama, a 1905 kuma aka kafa dokar raba addini da gwamnati. A cikin soja ma abin bai tsaya ba. A 1900 ministan yaƙi, Janar Andre, ya cire Castelnau daga hedkwatar sojoji. A ƙarƙashin wannan minista ne aka riƙa tattara takardun asiri a kan hafsoshi, ana rubuta wanda ke zuwa coci da wanda ke kai 'ya'yansa makarantar Katolika, domin a hana su ƙarin girma. Asirin ya tonu a majalisa a 1904, ministan ya sauka daga kujerarsa. Castelnau bai daina zuwa Misa don ya ceci aikinsa ba, bai kuma yi wa gwamnati tawaye ba. Ya ci gaba da aikinsa, har ya zama janar a 1906. Masu adawa da addini suka laƙaba masa sunan ba'a, suna kwatanta shi da ɗan zuhudun Kapucin da ya sa takalman soja. A 1911 Janar Joffre, babban kwamandan sojoji, ya jawo shi kusa ya zama mataimakinsa, domin ya san ƙwarewarsa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a watan Agusta 1914, aka ba shi jagorancin Runduna ta Biyu a Lorraine. Ranar 20 ga Agusta rundunarsa ta gamu da mummunar ɓarna a Morhange, ta ja da baya. A wannan faɗa ne aka kashe ɗansa Xavier, ƙaramin hafsa a cikin rundunar da mahaifinsa ke shugabanta. An ruwaito cewa labarin ya iske shi yana cikin ba da umarni ga hafsoshinsa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce a ci gaba da aiki, gama rayukan dubban 'ya'yan wasu suna rataye a kan shawarar da zai yanke a wannan sa'a. Kwanaki kaɗan bayan haka ya tare Jamusawa a Charmes, a watan Satumba kuma ya hana su shiga birnin Nancy. Mutanen birnin suka riƙa kiransa mai ceton garinsu. Amma ana tsakiyar wannan faɗa, ranar 7 ga Satumba, ɗansa Gerald ya mutu a wani fagen daga. A watan Oktoba 1915 aka kashe na uku, Hugues, a yankin Artois. Cikin abin da bai kai wata goma sha huɗu ba, gida ɗaya ya yi makoki sau uku.

A nan ya kamata mu dakata mu yi tunani. Wanda yake da iko irin nasa yana iya neman a ajiye 'ya'yansa a ofis, nesa da harsashi. Nasa sun tsaya inda 'ya'yan manoma da na ma'aikata suka tsaya. Ta haka ya ɗanɗani abin da iyaye suka ɗanɗana a duk faɗin ƙasar, gama Faransa ta yi hasarar sojoji kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a wannan yaƙi. Ba za mu ɓoye ba kuma cewa shi kansa yana cikin waɗanda suka tsara shirin yaƙin farko, kuma shi ya jagoranci babban harin Champagne na Satumba 1915, wanda ya ci rayuka masu ɗimbin yawa bai kuwa fasa layin Jamusawa ba. Nauyin wannan jini yana kan manyan kwamandoji duka, har da shi. Bangaskiya ba ta kuɓutar da mutum daga kuskure, ba ta kuma ɗauke masa baƙin ciki. Abin da take yi shi ne ta hana baƙin cikin ya zama fid da zuciya, kamar yadda muka gani a labarin Ayuba.

A ƙarshen 1915 aka naɗa shi babban hafsan hafsoshi a ƙarƙashin Joffre. Ranar 21 ga Fabrairu, 1916, Jamusawa suka afka wa Verdun da ruwan igwa. Da abin ya yi tsanani, Castelnau ya tafi can da kansa, ya ba da umarni a riƙe gaɓar gabas ta kogin Meuse kada a janye, ya kuma danƙa tsaron wurin a hannun Janar Petain. Faɗan ya kai kusan wata goma, Verdun kuwa ba ta faɗi ba. A farkon 1917 aka aike shi Rasha wajen taron ƙasashen ƙawance, makonni kaɗan kafin juyin juya halin da ya tumɓuke sarkin ƙasar. Bayan ya dawo ya shugabanci rundunonin gabas. Yana shirin kai babban hari a Lorraine sai aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, 1918.

Bayan yaƙi aka ba waɗansu janar-janar sandar Marshal, muƙami mafi girma a sojan Faransa, har da waɗanda suka taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Shi ba a ba shi ba, kuma mutane da yawa sun ɗora laifin a kan siyasar ƙin addini. Bai koma gida ya naɗe hannu ba. Daga 1919 zuwa 1924 ya wakilci yankinsu na Aveyron a majalisar dokoki. A 1924 sabuwar gwamnatin Herriot ta sanar cewa za ta rufe ofishin jakadancin Faransa a fadar Paparoma, ta tsananta dokokin da suka shafi 'yan zuhudu, ta kuma shimfiɗa dokokin raba addini da gwamnati a Alsace da Lorraine. Castelnau, yana da shekara fiye da 70, ya kafa babbar ƙungiyar Katolika ta ƙasa. Magidanta suka taru daga coci zuwa coci, suka yi manyan taruka a birane da yawa. Ba a ɗauki makami ba. Gwamnatin ta faɗi a 1925, shirye-shiryen nan kuma aka jingine su.

Jarrabawa ta ƙarshe ta zo a 1940, lokacin da sojojin Hitila suka mamaye Faransa. Petain, wanda shi ne ya ɗaga shi a Verdun, ya nemi sulhu da Jamus, ya kafa gwamnati a Vichy. Katolika da yawa suka bi shi, har da manyan shugabanni. Tsohon mai shekara 88 ya ƙi. Ya nisanci wannan gwamnati, ya goyi bayan masu gwagwarmayar 'yantar da ƙasa, matasan danginsa kuma suka shiga yaƙin. Ya rasu a watan Maris 1944 a Montastruc, kusa da Toulouse, 'yan watanni kafin a 'yantar da Paris.

Ikkilisiya ba ta sa Castelnau cikin jerin tsarkaka ba, mu ma ba mu kawo shi nan don mu yabi yaƙi ba. Mun kawo shi ne domin magidantanmu, da sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu. Akwai wanda aka tsallake wajen ƙarin girma saboda addininsa. Akwai wanda ya rasa ɗa a bakin aiki. Akwai kuma wanda wani babba da yake girmamawa ya kauce hanya, ana kiransa ya bi. Rayuwar wannan dattijo tana nuna cewa mutum yana iya yi wa ƙasarsa aiki da aminci ba tare da ya ɓoye bangaskiyarsa ba, yana iya neman hakkinsa ta hanyar doka, yana kuma iya cewa a'a ko da tsufa ya kama shi.

Mu tuna da shi, da 'ya'yansa uku, da dukan waɗanda yaƙi ya ci a ko'ina cikin duniya. Ubangiji ya ba su hutu na har abada, ya ta'azantar da iyayen da ke makoki, ya ba ƙasashenmu salama. Amin.