Élie Metchnikoff: masanin da ya gano cewa ba kowace ƙwaya ce cuta ba

Duk wanda ya sha fura da nono a Birni ko Zango cikin garin Damagaram, ya haɗiye miliyoyin ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke tsinkar da madara ta yi tsami. Masanin da ya fi kowa jan hankalin duniya kan amfanin irin waɗannan halittu a cikin hanji shi ne Élie Metchnikoff, wanda ya rasu fiye da shekara 100 da suka wuce.

An haife shi a watan Mayun 1845 a wani ƙauye kusa da Kharkiv, a ƙasar Ukraine ta yanzu, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Ya karanci ilimin dabbobi, ya kuma koyar a jami'ar Odessa. Cuta ta taɓa gidansa tun da wuri, domin tarin fuka ya kashe matarsa ta farko a 1873, ta biyun kuma, Olga, ta sha da ƙyar daga zazzaɓin taifot a 1880.

A 1882, yana birnin Messina na ƙasar Italiya, ya soka ƙaya a jikin ɗan wata halittar teku mai siffar tauraro. Washegari ya duba da madubin bincike, ya ga wasu ƙwayoyin jikin halittar sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya fahimci cewa fararen ƙwayoyin jinin mutum ma haka suke cinye duk baƙon da ya kutso. Wannan bincike kan garkuwar jiki ya sa Louis Pasteur ya ba shi wurin aiki a cibiyarsa ta Paris a 1888, shi ne kuma ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1908, tare da Bajamushe Paul Ehrlich.

Annobar kwalara da ta shiga Faransa a 1892 ita ta karkato da shi zuwa ga hanji. Ya sha ruwa mai ƙwayoyin cutar da gangan, bai kwanta ba. Wani matashi da ya yi irin wannan gwaji kuwa sai da ya kusa rasa ransa. Metchnikoff ya nemi dalilin bambancin, ya gano a ɗakin gwaji cewa wasu ƙwayoyi na hana na kwalara yaɗuwa, wasu kuma na taimaka musu. Sai ya yi hasashen cewa halittun da ke zaune a cikin mutum na da hannu wajen kamuwarsa ko tsirarsa.

Daga baya ya samu labarin manoman Bulgeriya masu yawan shan madara mai tsami, waɗanda aka ce suna daɗewa a duniya. A 1905 wani ɗalibi ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, ya gano ƙwayar da ke tsinkar da madarar. Metchnikoff ya riƙa shan irinta kullum, ya kuma yi bayani a littafinsa na 1907. Sharaɗinsa shi ne a tafasa madara tukuna sannan a zuba mata iri, kamar yadda matan Fulani ke yin kindirmo, saboda ɗanyar madara na iya ɗauke da cututtuka har da tarin fuka.

Ba a komai ya dace ba. Ya ɗauki babban hanji a matsayin matattarar guba mai kawo tsufa, ya kuma zaci madarar za ta tsawaita rai. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 15 ga Yulin 1916, yana da shekara 71, a zamanin da Damagaram ke babban birnin mulkin sojan Faransa a Nijar. Tokar gawarsa na ajiye a cibiyar Pasteur.

Amma tushen tunaninsa ya tabbata. Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna jikin baligi na ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanjin nan da ya zarga. Suna narkar da dusar abinci, suna samar da wasu sinadaran bitamin, suna kuma tare wa masu cutarwa wuri. Binciken 2010 ya gano yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake, sun fi yaran birnin Florence na Italiya yawan ire-iren waɗannan ƙwayoyi. Wasu binciken sun nuna cewa a hanjin yara masu tamowa, matsalar da jihar Damagaram ta daɗe tana fama da ita, wannan taro na halittu ba ya cika yadda ya kamata.

Shi ya sa likitoci ke gargaɗi kan kafson da ake saya hannun masu tallar magani ba tare da takardar asibiti ba. Maganin ba ya bambanta ƙwayar da ta kawo ciwon da waɗanda ke tsaron hanji, duka yake kashewa.