George Washington Carver, Malamin Gyada

Duk ɗalibin da ya yi darasin aikin gona ya san cewa gyada da wake suna gyara ƙasa. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana cusa wannan magana a kunnen talakawan Amurka bawa ne aka haifa.

An haifi George Washington Carver wajen shekarar 1864 a Jihar Missouri, a gonar wani Bature mai suna Moses Carver. Tun yana jariri ɓarayin bayi suka sace shi tare da mahaifiyarsa. Shi an samo shi, ita kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ya tashi ba shi da ƙoshin lafiya, ya yi ta yawon neman makaranta gari-gari yana wanki da girki don ya ci abinci. Wata kwaleji a Kansas ta ɗauke shi ta wasiƙa, da ya iso aka ga baƙar fata ne sai aka sallame shi. Daga bisani ya shiga kwalejin aikin gona ta Iowa, ya sami digirin farko a 1894, na biyu a 1896.

A shekarar ce Booker T. Washington ya kira shi makarantar baƙar fata ta Tuskegee da ke Alabama, can kudancin ƙasar. Abin da ya tarar ba daɗi. Shekara da shekaru ana noman auduga a gona ɗaya har ƙasa ta gaji, ruwa ya zaizaye ta, manoma kuma yawancinsu 'yan haya ne da bashi ya yi wa katutu, ba mai kuɗin takin zamani. Carver bai ce su saya ba. Cewa ya yi su kwaso taɓon fadama da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi su zuba, sannan bana auduga, baɗi gyada ko wake ko dankali. Saiwar gyada da ta wake suna da 'yan ƙulle-ƙulle, a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu jawo naitirojin daga iska su bar wa ƙasa. Kakanninmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya sun daɗe da sanin amfanin, ko da ba su san sunan ba, kuma a kan wannan haɗi masanan IITA suka yi ta bincike a tasharsu ta nan Tarauni.

Da ya ga manomi ba zai bar gona ya zo aji ba, sai a 1906 aka haɗa keken doki aka loda masa iri da kayan aiki, ya riƙa zaga ƙauyuka ana gwada wa mutane a gonakinsu. Ya kuma rubuta ƙananan littattafai cikin sauƙin harshe. Na 1916 ya kawo hanyoyi 105 na sarrafa gyada a ci. A ganina nan ne babban aikinsa, domin wanda ya noma gyada bai sami mai saye ba, aƙalla iyalinsa za su ƙoshi.

Suna kuwa ya zo masa ne a 1921, lokacin da ya tsaya gaban kwamitin Majalisar Amurka yana neman a sa wa gyadar waje haraji. Minti 10 aka ba shi, 'yan majalisa suka yi ta ƙara masa lokaci. Daga nan labari ya yi ta kumbura. Ana cewa ya ƙago abubuwa 300 daga gyada, alhali kaɗan ne suka shiga kasuwa. Ba kuma shi ya ƙago tunkuzar da Turawa ke shafa wa burodi ba.

Bai yi aure ba. Kuɗin da ya tara daga albashinsa ya ba da su a kafa gidauniyar binciken noma a Tuskegee, inda ya yi shekara 47. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943, aka binne shi kusa da kabarin Booker T. Washington.