Eugene Houdry: Mai tseren mota da ya ƙirƙiro matatar hayaƙin salansa

A garejin kanikawa da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, daga Ɗambatta har Kazaure, akwai shawarar da direba ya saba ji idan motarsa ta daina ja: a fasa salansa a cire indomi. Sunan da kanikawan Najeriya suka laƙa wa wata tukunyar ƙarfe da ke jikin bututun hayaƙi ke nan, saboda cikinta ya yi kama da curin taliyar. Wasu kuma katalis suke ce mata. Zargin da ake yi mata shi ne tana shaƙe inji, tana rage wa mota ƙarfi.

Mutumin da ya fara ƙera wannan na'ura domin mota, Eugene Houdry, ya shafe rabin rayuwarsa ne yana neman yadda inji zai ƙara ƙarfi. Ya yi tseren mota, kuma fetur ɗin da ya samar ya taimaka wa jiragen yaƙin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya rasu shekara 13 kafin na'urar tasa ta shiga motocin kasuwa.

Daga makaranta zuwa fagen daga

An haifi Eugene Jules Houdry ranar 18 ga Afrilun 1892 a garin Domont da ke kusa da birnin Paris na Faransa. Mahaifinsa yana da kamfanin ƙera ƙarafan gini. Ya karanci injiniyancin injina a makarantar fasaha da ke Chalons-sur-Marne, ya kammala a 1911 a matsayin na ɗaya a ajinsu, sannan ya kama aiki a kamfanin mahaifin nasa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai ya shiga soja, ya zama laftana a rundunar tankokin yaƙi. A 1917 ya ji mummunan rauni a gumurzun Juvincourt, lokacin da Faransa ta fara jarraba tankoki a fagen daga. Gwamnati ta ba shi lambobin yabo biyu saboda jarumtar da ya nuna.

Bayan yaƙi ya koma sana'ar ƙarfe, amma hankalinsa na kan motoci. Yana tuƙa Bugatti a wasan tsere. A 1922 ya ziyarci Amurka, ya kalli shahararren tseren Indianapolis, ya kuma zagaya masana'antar Ford a Detroit. Abin da ya fahimta a wannan tafiya shi ne, komai kyawun inji, man da aka zuba masa ne ke yanke iyakar ƙarfinsa.

Neman fetur a cikin yumɓu

Faransa ba ta da arzikin ɗanyen mai, amma tana da wani nau'in kwal mai ruwan ƙasa. Houdry ya haɗa gwiwa da wani mai haɗa magunguna daga birnin Nice mai suna Prudhomme domin su mayar da kwal ɗin fetur. Gwamnati ta tallafa, aka gina masana'antar gwaji da ta fara aiki a 1929. Fetur ya fito, sai dai tsadarsa ta fi ta wanda ake shigowa da shi, don haka aka rufe ta a 1930.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. A tsakiyar aikin ne ya duƙufa kan abin da masana ke kira katalis, wato sinadarin da ke hanzarta sauyawar wani abu zuwa wani ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Bayan gwaji ɗaruruwa, a 1927 ya gano cewa wani yumɓu da aka wanke da asid yana farfasa mai nauyi ya koma fetur mai inganci. Matsalar ita ce baƙin gawayi kan lulluɓe yumɓun cikin ɗan lokaci ya daina aiki. Houdry ya samo maganin haka: a hura iska mai zafi ta ƙone gawayin, yumɓun ya dawo sabo.

Kamfanonin Faransa ba su nuna sha'awa sosai ba. A 1930 kamfanin Vacuum Oil ya gayyace shi Amurka, ya tare a Paulsboro da ke jihar New Jersey. A 1933 kamfanin Sun Oil ya shigo da kuɗinsa, kuma a 1937 babbar matata ta farko mai aiki da dabarar Houdry ta fara aiki a Marcus Hook da ke jihar Pennsylvania. Dabarar ta kusan ninka fetur ɗin da ake samu daga kowace ganga, kuma fetur ne mai yawan oktan.

Oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga matsi. Idan ya yi ƙasa, man kan kama da wuta kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙarfi ya ragu. Idan ya yi sama, ana iya matsa iska da mai sosai a cikin silinda, kowace fashewa ta ƙara tura fistin da ƙarfi. A 1940, lokacin da Jamus ke luguden wuta kan Birtaniya ta sama, jiragen Birtaniya na shan mai mai oktan 100, yawancin na Jamus kuwa 87. Matatun Houdry na cikin manyan masu samar da irin wannan mai. Sashen farfasa mai da katalis da ke matatar Kaduna da wanda ke matatar Dangote a Legas duk jikokin wannan dabara ne, ko da yake an sauya fasalinta daga baya.

Yaƙin ya shafe shi ta wata fuskar. Ya fito fili ya soki gwamnatin Vichy da ta miƙa wuya ga Hitler, ya jagoranci ƙungiyar France Forever mai goyon bayan Janar de Gaulle a Amurka. A 1941 gwamnatin Vichy ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa. A 1942 ya zama ɗan Amurka.

Ya juya kan hayaƙi

Bayan yaƙi motoci suka yawaita a Amurka, birnin Los Angeles ya fara fama da wani hazo mai sa hawaye da tari. Masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa hayaƙin mota ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da shi. Houdry kuma ya yi imani cewa gurɓatacciyar iska na da hannu a ƙaruwar ciwon dajin huhu.

Sai ya kafa kamfanin Oxy-Catalyst. Tunaninsa mai sauƙi ne: tunda katalis na iya farfasa mai a matata, zai iya ƙarasa ƙone ragowar man da ya tsere wa inji kafin ya fita iska. Ya fara da bututun hayaƙin masana'antu, ya koma kan motocin ɗaga kaya da ke aiki a cikin rumbunan ajiya, sannan ya nufi motocin titi. A 1956 Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 2,742,437.

A nan ya ci karo da dalma. Tun 1923 ake zuba wani sinadarin dalma a cikin fetur domin ɗaga oktan cikin arha. Dalmar kan bi hayaƙi ta shafe fuskar katalis, ya mutu cikin ɗan lokaci. Kamfanonin mai ba su shirya rabuwa da ita ba, kamfanonin mota ba su ga dalilin ƙara kashe kuɗi ba. Houdry ya karɓi lambar yabo ta Perkin a 1959, ya rasu ranar 18 ga Yulin 1962 a Pennsylvania yana da shekara 70, na'urarsa ba ta samu kasuwa ba.

Dokar tsaftace iska da Amurka ta zartar a 1970 ce ta buɗe hanya. Daga motocin 1975 aka fara sanya na'urar, gidajen mai suka fara sayar da fetur marar dalma. John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard suka inganta ta har ta riƙa maganin guba uku a lokaci guda: kabon monoksaid, ragowar man da bai ƙone ba, da iskar naitrojin oksaid. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Shin tana rage ƙarfin inji?

Inji numfashi yake yi. Yana shaƙar iska da mai, ya matsa, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Duk abin da ya tare hanyar fita, fistin sai ya kashe wani ɓangare na ƙarfinsa wajen tura hayaƙin waje. Bayan haka, hayaƙin da ya maƙale a silinda yana cinye gurbin sabuwar iska, fashewa ta gaba ta yi rauni. Wannan ne ke rage ƙarfin juyi, wato ƙarfin da ke murɗa taya ya ja kaya.

Zargin na da asali. Wasu na'urorin farko na shekarun 1970 cike suke da ƙananan duwatsu kamar tsakuwa, kuma sun takura hayaƙi ƙwarai. Ta yanzu kuwa yumɓu ce da aka gasa aka yi mata siffar saƙar zuma, da ramuka kimanin 400 a kowane murabba'in inci, an shafe su da 'yan giram na filatinam da faladiyam da rodiyam. Hayaƙi na ratsa ramukan kai tsaye. Idan lafiyarta ƙalau, ƙarfin da take ci kaɗan ne, direban da ke jigilar fasinja tsakanin Babura da Kano da wuya ya ji bambanci.

Wadda ta toshe ce ke kawo matsala, kuma alamarta sananniya ce. Mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiya a hankali lafiya, amma da an taka totur ko an ɗora buhunan hatsi an nufi hawa irin na yankin duwatsun Roni da Kazaure, sai ta yi nauyi, ta ƙi wuce wani gudu, mai ya riƙa tafiya da sauri. Dalili shi ne yawan hayaƙi na ƙaruwa ne gwargwadon gudun inji da nauyin da yake ja.

Ita kuwa toshewa kusan kullum daga inji take farowa. Fulogin da ya mutu kan bar ɗanyen fetur ya gangara cikin salansa, ya kama da wuta a cikin saƙar, zafi ya narkar da ita. Injin da ke shan baƙin mai kan tara toka a ramukan. Ruwan lagireto da ke yoyo cikin silinda da gurɓataccen fetur su ma suna lalata ta. Wanda ya fasa ya zubar da ita bai taɓa ciwon da ya kashe ta ba.

Akwai kuma masu cewa inji na buƙatar ɗan takura a salansa kafin ya ja. Abin da inji ke amfana da shi shi ne saurin hayaƙi a cikin bututun da ya dace da girmansa, domin kowane tunkuɗo na hayaƙi na barin gurbi a bayansa da ke zuƙo na gaba. Shi ya sa wanda ya sa bututu mai faɗi fiye da kima kan ji motar ta yi sanyi a ƙaramin gudu, duk da ƙarar da take yi.

Motocin Kwatano na zamani suna da sensa gaba da bayan na'urar. Idan aka cire ta, ta bayan kan sanar da kwamfutar mota, fitilar gargaɗi ta kama, daga nan ko wata sabuwar matsala ta taso direba ba zai gane ba. Sannan ƙarafan da ke cikin saƙar suna da tsada a kasuwar duniya, don haka akwai masu sayenta. Mai mota ya kamata ya tambayi inda abin da aka cire ya tafi, ya kuma nemi a auna matsin hayaƙi kafin a kai ga fasawa.

Hayaƙin da ya fita ba a tace ba kuwa a tasha yake sauka, inda masu tallan ruwa da 'yan kamasho da fasinjoji ke wuni. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Irin waɗannan mutane Houdry ya yi wa aiki a shekarunsa 12 na ƙarshe. A 1990, shekara 28 bayan rasuwarsa, Amurka ta sanya sunansa a zauren girmama manyan masu ƙirƙira na ƙasar.