Stanley Milgram, malamin da ya auna biyayyar ɗan Adam da makunnin wuta

A shekarar 1961 wata sanarwa ta fito a jaridar garin New Haven na ƙasar Amurka, ana neman maza ƴan shekara 20 zuwa 50 domin wani bincike a jami'ar Yale kan yadda mutum ke haddace karatu. Ladan kowa dala 4, da ɗan ƙari na kuɗin mota. Ma'aikatan gidan waya, malaman makaranta, ƴan kasuwa da leburori suka amsa kira. Ba su san cewa binciken ba na hadda ba ne, su kansu ake son aunawa. Wanda ya shirya abin wani matashin malami ne mai shekara 28, Stanley Milgram.

An haife shi ranar 15 ga Agusta 1933 a unguwar Bronx ta birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai: uban mai gasa burodi ne daga Hungary, uwar kuma daga Romaniya. Yana yaro labaran kisan da ƴan Nazi ke yi wa Yahudawa suka riƙa isowa gidansu, kuma tambayar da ta biyo bayan yaƙin ba ta sake shi ba har mutuwarsa: yaya aka yi dubban mutane masu iyali, masu zuwa aiki da safe kamar kowa, suka sa hannu a wannan ta'asa?

Kimiyyar siyasa ya fara karantawa a Queens College, ya gama a 1954. Da ya nemi shiga Harvard a fannin halayyar ɗan Adam sai aka ƙi shi, saboda bai taɓa yin darasi ko ɗaya a fannin ba. Ya kwashe hutun wannan shekara yana cike giɓin, aka karɓe shi. A can ya haɗu da Solomon Asch, wanda ya nuna cewa mutum na iya ƙaryata idonsa a kan tsawon layuka idan duk mutanen ɗakin sun faɗi akasin abin da yake gani. Milgram ya kai irin wannan gwaji Norway da Faransa domin digirinsa na dakta, ya sami Faransawa sun fi taurin kai wajen bin ra'ayin taro. Amma a ganinsa kuskuren tsawon layi ba ya cutar da kowa. Abin da yake son sani shi ne ko mutum zai cuci ɗan'uwansa don kawai an ce ya yi.

Ya fara gwajin a watan Agustan 1961, a daidai lokacin da ake shari'ar Adolf Eichmann a Birnin Ƙudus, jami'in Nazi da ya kare kansa da cewa umarni ya bi. Ga yadda abin yake. Wanda ya amsa sanarwa zai tarar da wani mutum yana jira, a jefa ƙuri'a, shi ya zama malami, ɗayan ɗalibi. Ƙuri'ar ta bogi ce, ɗalibin kuma ɗan wasa ne, wani akanta mai shekara 47. A ɗaure shi a kujera a ɗaki na gaba, a zaunar da malamin gaban wata na'ura mai makunni 30, daga bolt 15 har bolt 450. Don kwatance, wutar da ke gidajenmu bolt 220 ce. Duk amsar da ɗalibi ya kuskure, a danna makunni na gaba. Babu wuta a zahiri, amma malamin bai sani ba, tun da shi an ɗanɗana masa bolt 45 na gaske tun farko. A bolt 150 ɗalibin zai nemi a sake shi, daga nan sai ihu, can gaba kuma shiru. Idan malamin ya yi turus, wani mutum sanye da rigar ɗakin bincike zai ce masa ya ci gaba, ba tsawa, ba barazana.

Likitocin ƙwaƙwalwa da Milgram ya tambaya sun yi hasashen cewa da wuya a sami mutum ɗaya cikin dubu da zai kai ƙarshe. A gwajin da ya wallafa a 1963, mutum 26 cikin 40 suka danna bolt 450, wato kashi 65 cikin 100. Ba da daɗin rai suka yi ba. Suna zufa, suna rawar jiki, suna cizon leɓe, wasu na dariyar da ba ta da dalili, suna roƙon a duba lafiyar mutumin, amma hannu na kan makunni.

Wannan adadi na 65 shi duniya ta riƙe, kuma a ganina an yi wa aikin rashin adalci da haka, domin Milgram ya maimaita gwajin fiye da sau 20 yana sauya yanayi. Da aka kawo ɗalibin cikin ɗaki ɗaya da malamin, masu kaiwa ƙarshe suka koma kashi 40. Da aka ce malamin ya danne hannun ɗalibin da kansa a kan farantin wuta, suka koma 30. Da mai ba da umarni ya fita yana magana ta tarho, kusan ɗaya cikin biyar ne suka bi, wasu ma suna danna ƙaramar wuta suna ce masa sun ƙara. Da aka zaunar da malamin tare da wasu abokan aiki biyu, su ma ƴan wasa, suka miƙe a gabansa suka ce ba za su ci gaba ba, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Da masu ba da umarni biyu suka saɓa wa juna, babu wanda ya kai. Mutanen gari ɗaya ne, abin da ya sauya shi ne nisan wanda ake cuta, kusancin mai iko, da ko akwai wanda ya riga ka cewa a'a.

Sunan da ya yi ya zo masa da tsada. A 1964 wata masaniya, Diana Baumrind, ta zarge shi da jefa mutane cikin tashin hankali ta hanyar yaudara. Ya koma Harvard koyarwa, amma aka hana shi kujerar dindindin, a 1967 ya tafi jami'ar birnin New York. Bayan mutuwarsa ma ba a bar shi ba: Gina Perry, ƴar Ostareliya da ta saurari kaset-kaset ɗin gwajin, ta nuna a 2012 cewa an sallami mutane da dama ba a gaya musu gaskiyar lamarin ba, mai rigar binciken kan matsa fiye da yadda aka rubuta, wasu mahalarta kuma sun yi shakkar ko wutar ta gaske ce. Suka ce mai nauyi, kuma tana rage ƙarfin bayanin da Milgram ya bayar a littafinsa na 1974, cewa mutum kan miƙa alhakin aikinsa ga na sama da shi ya ɗauki kansa kayan aiki kawai. Sai dai a maimaicin gwajin da gidan talabijin na France 2 ya nuna a 2010 a siffar wasan kacici-kacici, kashi 81 suka bi umarnin mai gabatarwa har ƙarshe.

A New York ya juya ga ƙananan dokokin zaman birni waɗanda ba a rubuce suke ba. Ya tura ɗalibansa cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa su roƙi fasinja ya ba su wurin zamansa ba tare da faɗin dalili ba. Fiye da rabin fasinjojin suka tashi, amma ɗaliban suka dawo suna cewa roƙon ya fi ƙarfinsu. Milgram ya shiga jirgin don ya gwada da kansa. Ya tsaya gaban wani fasinja maganar ta maƙale masa a wuya, da ƙyar ya furta, da aka ba shi kujerar kuma ya zauna ya sunkuyar da kai kamar marar lafiya, don ya ba abin da ya yi hujja.

Ciwon zuciya ya kashe shi ranar 20 ga Disamba 1984 a New York, yana da shekara 51. Ya bar matarsa Alexandra da ƴaƴa biyu.