Fada Tansi: Ɗan Manomin Da Ya Yi Shekara 12 A Makarantar Horon Firistoci

A filinmu na wannan mako mun kawo muku tarihin wani bawan Allah ɗan Nijeriya, watau Fada Michael Iwene Tansi, wanda ya rasu tun shekarar 1964.

Ga abin da ya sa muka zaɓe shi. A ƙauyukanmu na ƙasar Malumfashi, da Ƙafur, da Bakori, da Funtuwa, duk ranar da yaro ya buɗe baki ya ce yana son shiga seminari, watau makarantar horon firistoci ta Ɗarikar Katolika, to, gida yakan ɗauki zafi. Uba yana duban gonar masara da ta auduga, yana tunanin wa zai riƙe masa garma idan ƙarfi ya ƙare. Uwa kuwa tana tunanin jikokin da ba za ta goya ba, tun da yake Fada ba ya aure. Sau da yawa mu katikis ake kira mu zauna a tsakani. Iyalin Tansi ma sun sha irin wannan gardama shekara ɗari da ta wuce, shi ya sa muka ga ya kamata mu ji yadda tasu ta ƙare.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Iwene a shekarar 1903 a kusa da Aguleri, bakin kogin Anambara, cikin ƙasar Ibo. Sunan mahaifinsa Tabansi, mahaifiyarsa kuma Ejikwevi. Manoma ne talakawa masu bin addinin gargajiya. Tun yana ƙarami aka kai shi hannun wani ɗan'uwansu malamin makarantar mishan, mai suna Robert Orekie, domin ya yi karatu yana kuma yi masa aikace-aikacen gida. Riƙon ba mai sauƙi ba ne, gama malamin mutum ne mai tsanani. A wajen wasa da yara kuma Iwene ya sami rauni, ido ɗaya ya mutu, da haka ya zauna har ƙarshen ransa.

An yi masa baftisma a shekarar 1912, aka sa masa suna Michael. Yana da shekara 16 ya gama makaranta ya shiga koyarwa. Ya koyar a Onica, daga baya ya komo Aguleri ya zama hedimasta. A zamanin nan malamin makarantar mishan shi ne katikis, shi ke koyar da masu neman baftisma, shi ke bi da sujada ranar Lahadi idan Fada bai zo ba. Ashe kuwa Tansi namu ne kafin ya zama na firistoci.

A cikin waɗannan shekaru ne babban baƙin ciki ya same shi. Mutanen garinsu suka ɗora wa mahaifiyarsa maita, aka tilasta mata shan guba, ta mutu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba in ya ji yadda Tansi ya tsaya wa mata da marasa galihu sa'ad da ya zama Fada.

Shiga seminari

A shekarar 1925, yana da shekara 22, Tansi ya ajiye aikin hedimasta ya tafi Igbariam, inda Bishop Joseph Shanahan ya buɗe seminari shekara guda kafin nan. Danginsa suka yi tsalle suka dire, suka ce ba su yarda ba. In mun yi adalci, suna da hujja. Sun ga ɗansu ya sami albashi da daraja, shi ne zai ɗaga gida, sai ga shi zai koma ɗalibi, ba albashi, ba mata, ba magaji. Har wa yau, a lokacin babu ko mutum ɗaya daga ƙabilar Ibo da ya taɓa zama Fada, balle su ce ga wanda ya bi hanyar ya kai. A Nijeriya duka ma, sai a 1920 aka naɗa ɗan ƙasa na farko, Fada Paul Emecete, a Asaba.

Bari mu ɗan tsaya a kan ma'anar seminari. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta kuwa wurin renon iri. Kowane mai noman rani ya san wannan. Ba a watsa irin tumatir ko na albasa a babbar gona kai tsaye. Sai an yi masa bedi, a yafa, a rufe da ciyawa, a riƙa ban ruwa safe da yamma, har ya yi ƙwarin da zai jure dashe. Ikilisiyar Katolika ta kafa wannan tsari a babban taron Trent, a shekarar 1563, bayan da aka ga ɓarnar da firistoci marasa ilimi da marasa tarbiyya suka jawo. Aka umarci bishop-bishop su tanadi makarantun da za a reni masu neman wannan aiki. Tushen abin kuwa yana cikin Bishara, gama Markus sura 3 ta nuna mana Ubangiji ya fara zaɓen sha biyun nan domin su zauna tare da shi, kafin ya aike su wa'azi.

Renon da Tansi ya sha mai zafi ne. Ana karatu da Turanci da Latin, ana koyon falsafa da tauhidi, ana aikin hannu, ana tashi da asuba domin addu'a da Misa. Tsakanin zangon karatu kuma akan tura ɗalibi ya yi aiki a wata tashar mishan, domin a gwada halinsa. Makarantar kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba, daga Igbariam aka mai da ita Onica, daga nan kuma Eke. Gaskiya ɗaya ce, da yawa daga cikin Turawan mishan na lokacin ba su sakankance baƙin mutum zai iya riƙe alkawarin rashin aure ba. Saboda haka ƙaramin laifi yakan sa a sallami ɗalibi, waɗansu kuma su gaji su tafi don kansu. Da yawa suka shiga, kaɗan suka fita.

Tansi ya daure. Shugabanninsa suka ga amanarsa har suka danƙa masa kula da kuɗi da kayan abinci. A 1930 aka naɗa John Anyogu, ya zama Fada na farko a ƙabilar Ibo, abin da ya ƙarfafa na bayansa ƙwarai. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Ran 19 ga Disamba 1937, Bishop Charles Heerey ya naɗa Tansi firist a babbar majami'ar Onica, tare da abokan karatunsa biyu. Shekararsa 34, ya kuwa yi 12 daga cikinsu yana shiri.

Aikinsa cikin jama'a

Aka fara tura shi Nnewi ya taimaki Fada Anyogu. Bayan shekara biyu aka ba shi yankin Dunukofia, ya riƙe har 1945. Daga nan sai Akpu har 1949, sa'an nan garinsu Aguleri.

A nan ne aka ga amfanin dogon reno. Fada Tansi yakan zaga ƙauyuka da ƙafa, ko da keke, daga baya da wani tsohon babur mai yawan lalacewa. Yakan yini yana sauraron masu tuba suna furta zunubansu, wani lokaci har dare. In ana ginin coci ko makaranta, shi ma yakan shiga kwaɓa ƙasa tare da jama'a. Abincinsa bai fi na talakan da ke zaune kusa da shi ba, abin da ya samu kuwa yakan ƙare a hannun mabukata da kutare. Ya buɗe gidaje inda 'yan mata masu shirin aure ke zama suna koyon addini da riƙon gida kafin a ɗaura aure a coci. Ya kuma yi gāba da al'adar nan ta ware waɗansu mutane a ce su bayin gumaka ne, ba a aurensu, ba a cuɗanya da su.

Ba za mu ɓoye ba, mutum ne mai tsanani. Dokokinsa a kan aure da tarbiyyar matasa sun yi wa waɗansu nauyi, akwai kuma waɗanda suka yi ƙorafi. Amma ko masu ƙorafin sun san bai ɗora wa kowa kayan da shi bai fara ɗauka ba.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne yadda ya reni yara maza. Yakan tara 'yan manyan azuzuwan firamare su kwana kusa da mishan, yana lura da karatunsu da addu'arsu da aikin hannunsu. Bai yi ta roƙonsu su zama Fada ba, zamansa suka gani suka yi sha'awa. A 1941 ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 daga Eziowelle baftisma, sunansa Francis Arinze. Yaron nan ya zama firist a 1958, ya zama Babban Bishop na Onica a 1967, ya zama Kadinal a 1985. Shi ne ya shugabanci ofishin Fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002, aikin da ya shafe mu ƙwarai, mu da ke zaune gida ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi.

Komawa ɗalibi a Ingila

Bishop Heerey yana da burin a kafa gidan masu zuhudu a Nijeriya, watau mutanen da ke keɓe kansu domin addu'a da aikin hannu. Fada Tansi ya miƙa kansa. A 1950 ya je Roma ziyarar ibada, daga can ya wuce gidan zuhudu na Mount Saint Bernard, kusa da Lesta a Ingila. A can aka sa masa suna Cyprian.

Ku duba wannan al'amari, jama'a. Mutum mai shekara 47, wanda dubban mutane ke jin maganarsa, ya koma sabon shiga. Yana tashi da tsakar dare domin addu'a, ba ya cin nama, ba ya magana sai da dalili, yana aiki a ɗakin cin abinci da wurin ɗinkin littattafai. Ga sanyin Ingila, ga kewar gida. Ya yi fiye da shekara biyu yana jira kafin a karɓe shi cikin masu koyo sosai, sai a 1956 ya yi alkawarinsa na har abada.

A 1963 aka yanke shawarar buɗe sabon gidan a Afirka, amma ba a Nijeriya ba, sai a Mbengwi kusa da Bamenda, cikin Kamaru. Wannan ya yi masa ciwo, duk da haka ya karɓa. Aka zaɓe shi ya zama mai horar da sababbin shiga a can. Allah bai nufa ba. Ciwo ya kama shi, babbar jijiyar jini ta fashe, ya rasu a asibitin Lesta ran 20 ga Janairu 1964, yana da shekara 60.

A 1986 aka komo da ƙasusuwansa Onica. Ran 22 ga Maris 1998, Paparoma John Paul na Biyu ya zo da kansa garin Oba, kusa da Onica, ya sa shi cikin jerin Masu Albarka. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan matsayi, Katolika kuma suna tunawa da shi kowace 20 ga Janairu.

Abin da ya rage gare mu

Lokacin da Tansi ke Ingila ne aka yanka yankin mishan na Sakkwato, a 1953, aka danƙa shi ga firistocin Dominikan daga Amurka. Ya zama dayosis a 1964, Funtuwa da Malumfashi suna ciki. A 1967 aka buɗe babbar seminari ta Saint Augustine domin Arewa, wadda aka sani da seminarin Jos. A 2023 kuma Paparoma Francis ya kafa Dayosis na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, bishop na farko. Iyayen da suka saki 'ya'yansu jiya, su ne suka sa yau muke jin Misa da wa'azi daga bakin waɗanda suka sha Hausa a nono.

Hanyar dai har yanzu doguwa ce. Bayan sakandare, ɗalibi yakan yi shekarar koyon ibada, sa'an nan wajen shekara huɗu ta falsafa, da huɗu ta tauhidi, da aikin gwaji a cikin jama'a. A 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya bayyana cewa horon yana tsaye a kan ƙafa huɗu: halin mutuntaka, da ruhaniya, da ilimi, da kiwon jama'a. Ya kuma sa halin mutuntaka ya zama harsashin sauran. Haɗari ma bai ƙare ba, sai dai ya sake kama. Ba mu manta da Michael Nnadi ba, ɗalibin Dayosis na Sakkwato ɗan shekara 18, wanda aka sace daga seminarin Good Shepherd ta Kaduna aka kashe a farkon 2020.

To, iyaye, ba mu ce damuwarku wasa ba ce. Gona tana bukatar hannu, tsufa kuma yana bukatar mai tallafi. Amma in yaro ya zo da wannan magana, kada ku rufe masa baki, kada kuma ku tura shi don kwaɗayin mota ko girma. Ku kai shi wurin Fada, ku bar Ikilisiya ta gwada shi. Wanda aka gwada aka ga ba kiransa ba ne, in ya komo gida kada a yi masa gori, gama bedi ya yi aikinsa ke nan. Ikilisiya kuma, da Zumuntar Mata, da matasa, in gida ya ba da ɗa, wajibi ne mu tuna da gonar tsohon nan ranar gayya, mu kuma sa hannu a kuɗin makaranta da tiya ɗaya ko biyu ta masara a lokacin kaka.

Mu katikis da malaman makarantar Lahadi, namu ya fi nauyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin Tansi ya ga ƙofar Igbariam, a hannun malamin ƙauye ya koyi addu'a, Arinze kuma a wurin Tansi ya ga abin da ya ja shi. Yaran da ke zaune a gabanmu ranar Lahadi suna kallon yadda muke riƙe kuɗin baiko da yadda muke magana da matanmu, fiye da yadda suke jin darasinmu. Wannan gaskiya ce ga kowace ɗarika, ko mai aika 'ya'yanta seminari, ko mai aika su makarantar Littafi Mai Tsarki.

Ubangijin girbi ya tashe mana ma'aikata masu aminci daga cikin gidajenmu, ya kiyaye ɗalibanmu da malamansu, ya kuma ta'azantar da iyayen da suka ba da nasu. Amin.